Saukar Sa'adu Na-Taɓa

A Dakoro in ka ce kana neman Sa'adu mai wake, sai an tambaye ka wanne, don masu sayar da wake suna da yawa. Amma ka ce Sa'adu Na-Taɓa, ko raƙumin da ya shigo kasuwa jiya zai nuna maka mangazarsa, wato shagon da yake tara buhuna. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa, don ba ya barin zance ya wuce ta gabansa lafiya. In an ce wani ya kama kura da hannu, sai ya ce, "Na taɓa." In an ce wani direba ya kawo kamiyo, babbar motar kaya, daga Maradi ba birki, sai ya ce, "Na taɓa, ni da baya-baya ma na kawo ta." Ranar da aka ce wata mata ta haifi 'yan uku a Mai Yara har ya buɗe baki, Allah ya taimake shi tari ya sarƙe shi.

Gajere ne, shekara hamsin da 'yan kai, ga tumbi mai riga shi shiga ɗaki. Shi ne perezidan na fadar gindin bedi, wato majalisar shan shayin da ke zama kullum bayan la'asar a inuwar itacen darbejiyar da ke ƙofar mangazarsa. Perezidan ba shi da albashi, amma yana da abu biyu da Sa'adu ke ƙauna kamar ransa: kujerar ƙarfe mai saƙar igiyar roba, wadda ita kaɗai ke da majingina a fadar, da kuma kofin farko na shayi. Shekara tara yana kan kujerar nan. Shekara tara kuma taubashinsa Abarci, mai gyaran rediyo, yana tsugune gaban furno, murhun shayi, yana fifita gawayi, hayaƙi na shiga masa ido, yana jin Na-Taɓa yana taɓawa.

Ran wata Litinin, Mushe Zakiru (Mushe dai laƙabin malamin boko ne), matashin malamin esporo, wato wasannin motsa jiki, na kwalej, ya fito da portabul ɗinsa, wato wayar hannu, yana nuna wa 'yan fada hoton ɗalibansa suna shirin jarrabawa. Ga su nan sun dafa ƙasa da hannu, ƙafafu sama, tsaye cak.

"Kai!" in ji wani. "Yaran yanzu sai a bar su."

Sa'adu ya leƙa da wutsiyar ido, ya kurɓi shayi. "Wanga? Na taɓa."

Maficin Abarci ya tsaya.

"Lokacin da nike Kwatano, bakin teku," Sa'adu ya ci gaba, "in anka yi ruwa, da hannu nike tahiya masallaci, don kar takalmina su jiƙe."

"Hannun hwa?" in ji Abarci.

"Hannu ai wankewa ake, daƙiƙi."

Abarci ya ajiye mafici, ya miƙe, ya kaɗe toka daga gwiwa. "To jama'a ku shaida. Lahadi bayan la'asar, nan gindin bedin ga. Ka tsaya bisa hannu har in zuba shayi daga buta zuwa kohi sau uku. Ka hau da kanka, ka sauko da kanka bisa ƙahwahunka, ba mai taɓa ka. In ka yi, in ƙara shekara tara ina hura wuta ban ce uhum ba. In ka kasa, kujera tawa, mahici naka."

Mai hankali zai ce kafaɗarsa na ciwo. Sa'adu kuwa sai ya ce, "Sau uku kawai? Ka raina ni."

Sai da kowa ya watse ya dubi kujerar, ya dubi tumbinsa.

Washegari da sassafe ya zagaya ta bayan gari, ya iske Mushe Zakiru a filin kwalej kafin ɗalibai su zo.

"Mushe, ba koyo na zo ba, kar ka ɗauka. So nike in gani ko kun sake salon, don ta Kwatano tsohuwar hanya ce."

Mushe ya danne dariya, don yana ganin girman furfura. "To, Perezidan. Hannuwa ƙasa daidai hwaɗin kahwaɗa, yatsu a buɗe, ido tsakanin hannuwa, ciki a tamke." Ya dubi cikin. "Iya abin da ya samu. Amma kahin wannan duka, darasin hwarko sauka ce. Wanda bai iya sauka ba, ba mu barin shi ya hau."

"Sauka?" Sa'adu ya ja da baya kamar an mare shi. "Ni za ka koya ma sauka? Yaro, na yi sauka kahin a haihe ka. Ina ɗan shekara goma sha uku, izu sittin, anka yanka bunsuru, anka naɗa mini rawani, duk Sabon Maci ta ci nama."

"Ba saukar allo ba, Perezidan. Saukowa ƙasa."

"Ƙasa ina za ta? Tana nan tana jirana. Hawan shi ne aiki."

"Dubi dai sau guda." Mushe ya dafa ƙasa ya miƙe ƙafafu sama. Sannan ya ɗage hannu ɗaya, ya murɗa ƙugu gefe, ƙafafun suka sauko ɗaya bayan ɗaya kamar juyin ƙafar amalanke, sai ga shi tsaye. Abin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai Sa'adu bai gani ba, yana can yana laluben goro a aljihu.

"Ka gani?"

"Na taɓa," in ji Sa'adu, ya kama hanya.

A gida ya fara da zanar da ta raba tsakaninsu da maƙwabciyarsu Kaka, tsohuwa mai ƙosai, wadda kunnenta ɗaya ya daɗe da barin aiki amma bakinta bai taɓa hutu ba. Ya tofa yawu a tafi, ya dafa ƙasa, ya wurga ƙafafu da dukan ƙarfinsa. Zana ba a yi ta don wannan ba. Ta tafi da shi gaba ɗaya, ya faɗa rigingine cikin kuɓewar da Kaka ta shanya, kaji suka tashi sama suna kururuwa.

Kaka ta tsaya a kansa da ludayi. "Sa'adu, ƙohwa ta ƙare ne?"

"Gaisuwa na zo, Kaka. An tashi lahiya?"

"Da dugadugai kake gaisuwa yanzu? Tashi ka tsince mini kuɓewa."

Ran Laraba ya koma bangon ɗaki. Wannan karon ƙafafun sun kai, amma ya manta aljihu ba ya riƙe amana in an kifa shi. Goro, carbi, makullan mangaza da portabul duk suka zubo masa a fuska. Akuya ta cafe goro, makullai suka faɗa ƙwaryar furar da matarsa Baraka ke damawa. Shi kuwa ya zame gefe ya tafi da igiyar shanya.

Baraka ta tsamo makullan da ludayi, ta ajiye masa tana kallonsa. Shekara talatin suna tare, ta san ranar magana da ranar kallo.

Da rana ya kulle kansa a mangaza, ya jera buhunan wake, ya gano abin da ya kira sirrin aikin: in ya gaji, sai kawai ya saki jiki, tim! a kan buhu. "Ka ga saukar da Mushe ke ta yi ma surutu," in ji shi. A tim na huɗu buhu ya fashe, ya yi sauran yinin a tsugune yana tsintar wake, yana gaya wa masu saye ɓera ne.

Gaskiya dai a faɗe ta, Sa'adu ba rago ba ne. Zuwa Alhamis yana iya tsayawa jingine da bango har a ƙirga ashirin. Ya shimfiɗa katifa a ɗaki, ya hau, ya yi nishi, ya faɗi, ya sake hawa. Nishin ne matsalar. Wani irin nishi ne mai tasowa daga can ƙasan ciki, mai ratsa bango ya ƙetare zana, har ya shiga kunnen Kaka mai aikin.

Ta leƙo ta kan zanar da aka ɗaure. "Baraka, nishin mi nike ji tun sahe?"

Baraka ta gaji, katifa ta yage wuri biyu, ba ta da bakin dogon bayani. "Ke dai bari, Kaka. Kwana uku ke nan ana hwama, sauka ta gagara." Ta juya ta shige madafa.

Kaka ta dafe ƙirji. A bakin mata, sauka ɗaya ce: ta mai ciki. "La'ilaha! Baraka, a shekarun ga? Shi ya sa take ta sa manyan riguna!" Ta bar ƙosai a wuta, ta ja mayafi.

Kafin azahar gidan Sa'adu ya cika da mata. Wata da rubutun sha, wata da saiwa, wata da itacen dafa ruwan wanka, ga ungozomar unguwa a gaba ta naɗe hannun riga. Suka iske Baraka tsaye garau tana dakan gero.

"Ke! Kina naƙuda kina daka?"

"Wace naƙuda?"

Sai nishi ya taso daga ɗaki. Ungozoma ba ta jira izini ba, ta yaye labule. Ga ƙafafu biyu a sama jikin bango suna rawa, ga tumbi yana lilo, ga fuska can ƙasa ta yi jawur.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta waiwayo ta ce wa mata, "Wanga ta ƙahwa ya taho. Ba aikina ba ne."

Tim!

Kafin la'asar labari ya gama Dakoro, 'yan kabu-kabu sun kai shi har Ajekoriya. Da Sa'adu ya zo fada ya zauna a kujerarsa a karkace, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu Perezidan, ya jikin? Allah raba lahiya." Shi kuwa ya ce motsa jini yake yi irin na Kwatano.

Ran Asabar Baraka ta zauna kusa da shi tana shafa masa man zafi a kafaɗa. Tausayinsa take ji, ko da yake haushinsa ya fi yawa.

"Malam, saura kwana guda. Ka koma wurin Mushe ya nuna maka saukar ga. Ba katihwa a gindin bedi."

"Mi mace ta sani game da esporo?"

"Ban san esporo ba, amma na san nauyinka. Ni ke ɗinke katihwar."

Tsoro Sa'adu yake ji, tsoro sosai. Amma komawa wurin Mushe na nufin ya ce bai iya ba, kalmar da bakinsa bai san hanyar fitarta ba. Sai ya ce, "Ƙara man a hagu."

Lahadi bayan la'asar gindin bedi ya cika kamar ranar kasuwa. Maza a gaba, mata a gefe, Kaka ta kawo kaskon ƙosanta don kar taro ya tafi a banza. Abarci ya sauke rediyonsa daga ƙusar da yake rataye ta a jikin bedi, ya ce yau ba a bukatar labaran duniya. Ya ja kujerar perezidan ya ajiye ta a tsakiya, ba kowa a kanta.

Sa'adu ya iso cikin babbar riga ta shadda, da wando mai aiki a ƙafa, da hula a karkace. Mushe Zakiru ya tare shi da raɗa.

"Perezidan, cire babbar rigar. Kuma ka tamke tazuge."

"In tsaya gaban jama'a da 'yar shara kamar ɗan dako? Matsa."

Ya sa an jawo buhun wake biyu kusa. Abarci ya sa ƙafa ya tare.

"A Kwatano da buhu kake tahiya masallaci? Jingina da bedi dai na yahe maka, don zumunci."

Sa'adu ya tuɓe takalma, ya dafa ƙasa, ya wurga ƙafa. Ta tashi kamar taƙi ɗaya ta dawo.

"Gaisuwa ce na yi ma ƙasa," in ji shi.

A karo na biyu hula ta gangara ta tafi wajen kaskon Kaka. A na uku ya yi bisimilla da ƙarfi, ya rufe ido, ya wurga duk abin da Allah ya ba shi. Sai ga ƙafafu a sama, dugadugai sun dafe bedi. Babbar riga ta zubo ta rufe kai da hannuwa, ba a ganin komai sai tulin shadda da ƙafafu biyu sun tsiro daga ciki. Amma dai tsaye yake!

Wuri ya ɗauki ihu. Abarci ya ɗaga buta sama, ya zuba shayi siriri, a hankali kamar mai ɗiga maganin ido. Ɗaya. Ya mayar cikin buta, ya busa kumfa, ya tambayi na kusa da shi lafiyar iyali. Biyu. Daga ƙarƙashin riga, nishin nan da unguwa ta sani ya fara fitowa. Uku.

"Ya yi!" Mushe ya yi tsalle. "Wallahi ya yi!"

Daɗi ya kama Sa'adu har ya ji kamar ya yi kuka. Daga cikin riga murya ta fito a daƙushe: "Abarci, ƙaro gawayi!"

"Saura sauka," in ji Abarci.

Sa'adu ya yi niyyar sakin jiki yadda ya saba, in ya so ya ce da ƙafa ya dira. Yana fara saki sai ya ji an riƙe masa ƙafar wando ta dama. Ƙusar rediyo ce ta shige cikin aikin surfanin ta kama gam. Wannan ɗaya. Na biyu kuma, tumbin da ya shekara ashirin yana riƙe da tazuge ya gangara wajen ƙirji, ya bar tazuge ba mai tsaro. Ya ɗan ƙara saki, ya ji wando ya tsaya, shi yana tafiya. Nan take ya gane lissafin: in ya faɗi, shi zai iso ƙasa, wando zai kwana a bedi. Ga matan unguwa kaf, ga ungozoma, ga Kaka.

Ya sake ƙanƙame ƙasa da yatsu.

"Mi kake jira?" in ji Abarci.

"Iska nike sha!"

Mushe ya hango ƙusar, ya durƙusa kusa da tulin shadda. "Perezidan, ka tuna abin da na nuna maka! Tura bedi da ƙahwa, ɗage hannun dama, murɗa ƙugu hagu, wandon zai zame daga ƙusa!"

"Wace damar? Tawa ko taku? Duk sun juye!"

"Wadda kake cin tuwo da ita!"

"Ita ke riƙe da ni!"

Kaka ta taso da ludayi a hannu, ta dubi tumbin, ta ji nishin, tausayi na gaskiya ya kama ta. Ta ɗaga murya ta yi addu'ar da ta saba yi wa duk mai irin wannan hali: "Allah sauke ka lahiya, Sa'adu!"

"Amin!" in ji mata baki ɗaya.

"Yi nishi da kyau, ka kusa!" in ji ungozoma.

Wasu maza suka yunƙura za su kama shi, Abarci ya shimfiɗa hannu. "Kar wanda ya taɓa shi, sharaɗi ne. Haba Perezidan, abu mai sauƙi. Sauko kamar yadda kake saukowa a ƙohwar masallacin Kwatano."

Tazuge ya ƙara zamewa yatsa biyu. Gwiwar hannu ta fara lanƙwashewa. Sa'adu ya auna kujera, ya auna wando. Tulin shadda ya yi wata 'yar magana.

"Mi ka ce?" Abarci ya kai kunne. "Rigar ta toshe."

"Ban taɓa ba."

Abarci ya ƙara kai kunne.

"Ƙara dai, na baya ba su ji ba."

"Ban taɓa ba! Wallahi ban taɓa ba! Kwatanon ma ban taɓa zuwa ba, iyakata Jibiya! Ku sauke ni don Allah!"

Dariyar da aka yi a ranar, wani tsoho sai da aka yayyafa masa ruwa. Baraka ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ratsa taron, ta ware mayafinta ta kare tsakanin mijinta da idon jama'a, ta ce, "Mushe, kama ƙahwa. Abarci, kai da ƙusarka, zo ka cire ta." Suka ɗaga shi, suka zare wandon daga ƙusa, suka kwantar da shi a ƙasa a hankali. Aka yaye rigar. Ga Sa'adu kwance yana haki, hannu biyu a kan tazuge.

Kaka ta leƙo ta kan mayafi. "Alhamdu lillahi, an sauka! Barka da arziki. Mi anka samu?"

Abarci ya je ya zauna, ya jingina baya, ya miƙe ƙafafu, ya lumshe ido. "Kujera anka samu, Kaka."

Ran Litinin bayan la'asar fada ta cika fiye da kullum. Sa'adu na tsugune gaban furno da mafici, hayaƙi na shiga masa ido. A gefensa ga ƙwaryar kunun kanwa da Kaka ta aiko, wai ya sha da zafinsa don jiki ya koma daidai. Da safen nan kuwa an gan shi a filin kwalej, Mushe na nuna masa yadda ake ɗage hannu a murɗa ƙugu, shi kuma ya bar goro a aljihu yana kallo da ido biyu.

Rediyo na rataye a ƙusarta. Mai labarai ya ce a wata ƙasa wani mutum ya ja kamiyo da haƙoransa.

Mafici ya tsaya. Sa'adu ya ɗago kai, ƙirjinsa ya cika, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Na ta..."

Fada gaba ɗaya ta juyo. Abarci ya buɗe ido ɗaya daga kan kujera.

Sa'adu ya dubi ƙusa.

"Na tahwasa shayin. Perezidan, ga kohin hwarko."